Yadda Ake Warware Matsalar Fatishin Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Windows ko Linux

Filash ɗin da ke ɗauke da manhajar ɗora Windows ya tashi, ka zaɓi harshe, ka wuce shafin lasisi, ka iso inda ake tambayar faifan da za a ɗora Windows a kai. Sai maɓallin Next ya dushe, wani ɗan rubutu mai alamar ruwan ɗorawa ya fito a ƙasan allo. A nan ne da yawa ke yanke hukuncin cewa faifan ajiya, wato had dis, ya mutu, a tafi kasuwa neman wani. Alhali sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau. Abubuwa uku ne ba su jitu ba: hanyar da kwamfutar ke bi ta tashi, yadda aka haɗa filash ɗin, da irin jadawalin fatishin da ke kan faifan, wato rubutun da ke nuna yadda aka yanka faifan kashi-kashi, kowane kashi shi ne fatishin.

Hanyar tashi iri biyu ce. Akwai tsohon BIOS, manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, wanda a saitin kwamfuta za ka ga an rubuta shi Legacy ko CSM, akwai kuma UEFI da ya game kasuwa daga 2012 lokacin fitowar Windows 8. Jadawalin fatishin ma biyu ne. MBR yana zaune a sekta ta farko ta faifai, wato ɗan gurbin ajiya na farko, bayit 512 kacal, kuma bayit 64 ne daga ciki aka ware wa jadawalin, kowane fatishin na cin 16. Shi ya sa ba ya ɗaukar manyan fatishin fiye da huɗu, kuma lissafinsa ba ya wuce TB 2. GPT kuwa yana ɗaukar har 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa a can ƙarshen faifai. Dokar Windows a nan ba ta da sassauci: in an tashi da Legacy sai MBR, in an tashi da UEFI sai GPT. Linux ta fi sauƙin kai, amma ita ma tana da nata sharaɗin, za mu zo kansa.

Kwamfutocin da suka fi wahalar da mutane su ne na tsakanin 2010 da 2014, irin su HP EliteBook 8460p, Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420, waɗanda suka cika shagunan kayan Beljiyam. Suna da hanyoyin biyu duka, kuma faifan da ke ciki ba lallai ne shi kwamfutar ta zo da shi daga kamfani ba. An ciro shi daga wata, da tsohon jadawalinsa a kai.

Kafin ka goge komai

Cire duk wani abin ajiya da ba shi ake aiki a kai ba: faifai na biyu, katin memori da aka manta a raminsa, modem mai ramin kati, har firinta. A kwamfutar tebur zare wayar SATA ta sauran faifan gaba ɗaya. Laftof kuma a jona caja, domin batirin tsofaffin nan ba abin dogaro ba ne, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta jadawali na barin faifai ba tsuntsu ba tarko.

Idan akwai fayilolin mai kwamfuta a ciki kuma tsohuwar Windows ba ta tashi, ba sai ka ciro faifan ba. A allon ɗorawa danna Shift da F10 tare, a wasu laftof sai ka haɗa da Fn. Baƙin allon rubuta umarni, wato Command Prompt, zai buɗe. Rubuta `notepad`, ka shiga File, ka danna Open, ka mayar da nau'in fayil zuwa All Files. Wannan 'yar tagar ta isa ka ga duk foldojin faifan, ka kwafe su zuwa wani filash ta danna dama. Ba za ta nuna maka ci gaban kwafin ba, kamar ta sandare, sai ka yi haƙuri har ta dawo hayyacinta.

Saƙonni biyu tagwaye

Na farko yana cewa "The selected disk is of the GPT partition style". Ma'anarsa filash ya tashi da Legacy, faifai kuwa GPT ne. Na biyu yana cewa "The selected disk has an MBR partition table. On EFI systems, Windows can only be installed to GPT disks". Wannan akasin na farko ne: an tashi da UEFI, faifai MBR.

Abin da aka saba yi shi ne a goge faifan nan take. Ba shi ne matakin farko ba. Sauya yadda filash ya tashi ya fi arha, kuma ba ya cin fayil ko ɗaya. Sake kunna kwamfutar ka shiga jerin abubuwan tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Toshiba da Acer, Esc a laftof ɗin Asus. Sau da yawa za ka ga sunan filash ɗinka sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. Faifan GPT, zaɓi mai UEFI. Faifan MBR, zaɓi wanda babu. Shi ke nan, saƙon ya ɓace.

In sau ɗaya sunan ya fito, to ko dai saitin BIOS ya kulle ɗaya hanyar, ko kuma filash ɗin don hanya ɗaya aka haɗa shi. Shiga saitin da F10 a HP, F2 a Dell da Acer, F1 a ThinkPad, ka nemo Legacy Support ko CSM ko Boot Mode. Legacy ba ya kunnuwa sai an kashe Secure Boot. Wasu HP za su nuna lamba huɗu bayan sake kunnawa su ce ka rubuta ta ka danna Enter, in ka tsallake wannan sauyin bai zauna ba. A Acer da yawa kuma Secure Boot ba ya taɓuwa sai ka fara sa Supervisor Password, wanda ya kamata ka cire da zarar ka gama don kar a manta shi.

Ta ɓangaren filash, in da manhajar Rufus aka haɗa shi, gurabe biyu ne ke yanke hukunci. Partition scheme a kan MBR yana tafiya da Target system na "BIOS (or UEFI-CSM)", GPT kuma yana tafiya da "UEFI (non CSM)". Filash ɗin da aka haɗa da GPT ba zai tashi a yawancin kwamfutoci masu Core 2 Duo na 2008 ba ko za a kwana ana gwadawa. Mai gyaran da ke taɓa kwamfutoci iri-iri gara ya riƙe filash biyu da alama a jikinsu, ko ya haɗa filash da manhajar Ventoy, wanda ke tashi ta hanyoyin biyu.

Idan kana shakkar da wace hanya aka tashi, baƙin allon zai faɗa maka:

`wpeutil UpdateBootInfo`
`reg query HKLM\System\CurrentControlSet\Control /v PEFirmwareType`

Amsar 0x1 BIOS ce, 0x2 kuma UEFI. A Linux rubuta `ls /sys/firmware/efi`. In foldar na nan UEFI ne, in babu Legacy ne.

Wanne ya fi dacewa? Kwamfutar da ta girmi 2012, bar ta a Legacy da MBR ko da tana da UEFI a saiti, domin UEFI na farko-farkon nan bai zauna da gindinsa ba, wasu kan gama ɗorawa lafiya sannan su kasa gano abin da aka ɗora. Windows mai 32-bit, wadda ake sa wa masu RAM na GB 2, ita ma Legacy da MBR ne nata a irin waɗannan kwamfutoci. Wadda ta zo da tambarin Windows 8 ko sama, UEFI da GPT ne gidanta. Windows 11 kuwa a hukumance UEFI take nema da TPM 2.0, saboda haka yawancin kwamfutocin da ake magana a kansu ba sa cikin lissafinta.

Goge jadawali da diskpart

In ta tabbata sai an sauya jadawalin, kuma an kwashe fayiloli, buɗe baƙin allo ka bi wannan:

`diskpart`
`list disk`
`select disk 0`
`detail disk`
`clean`
`convert mbr`
`exit`

In GPT ake so, sai `convert gpt` a layi na shida. A sakamakon `list disk` duba ginshiƙin ƙarshe mai suna Gpt: tauraro a wurin na nufin faifan GPT ne, fili kuwa MBR.

Haɗarin duka yana kan layi na uku. Ba kullum ne Disk 0 ke zama faifan ciki ba. A wasu tsofaffin kwamfutoci filash ne ke karɓe lambar 0, kuma `clean` ba ya tambayar ko ka tabbata, kan ka ce kwabo ya share. Dubi girman kowanne: mai GB 14 ko 29 filash ne, mai GB 232 ko 298 ko 465 shi ne faifan 250 ko 320 ko 500. Amfanin `detail disk` ke nan, ya nuna maka sunan kamfani da samfurin abin da ka zaɓa kafin ka yi aika-aika. In kuma an riga an yi kuskuren, kar a rubuta komai a faifan. `clean` jadawali kawai yake sharewa, bayanan na nan kwance, kuma manhajar TestDisk kan iya dawo da fatishin ɗin muddin ba a yi fomat ko ɗora wani abu a kai ba. `clean all` daban ne, sifili yake rubutawa a kowace sekta, yana cin kusan awa biyu a faifan GB 500, kuma bayansa babu dawowa. Ba a buƙatarsa don gyaran jadawali.

Bayan `exit`, koma allon ɗorawa ka danna Refresh. Za ka ga fili guda, Unallocated Space. Zaɓe shi ka danna Next kawai, ka bar Windows ta yanka ƙananan fatishin ɗinta da kanta. A MBR za ta yi System Reserved, MB 100 a Windows 7, ya ɗan fi haka a 8 da farkon 10. A GPT za ta yi na EFI mai FAT32, da MSR na MB 16 a Windows 10. Masu goge waɗannan ƙanana da sunan neman fili, garin neman gira suke rasa ido, don a cikinsu fayilolin tashi suke.

Wanda ke da Windows 10 mai 64-bit tana aiki a MBR yana son komawa GPT ba tare da gogewa ba, akwai `mbr2gpt` tun fitowar 1703 a 2017. Fara da `mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS`, in ya amince ka sa `/convert` a madadin `/validate`. Ba ya yarda in manyan fatishin sun wuce uku ko akwai Extended a ciki. Da gamawa dole ka shiga saiti ka koma UEFI, kuma ka tabbatar kwamfutar na da shi tun kafin ka fara, domin babu umarnin komawa baya.

"We couldn't create a new partition or locate an existing one"

A Windows 7 lafazin shi ne "Setup was unable to create a new system partition". Wannan ya fi na baya cin rai, don ga faifan a fili, babu komai a kai, amma an ƙi. Dalilin yawanci shi ne BIOS ya gabatar da filash a matsayin faifai na farko, sai manhajar ɗorawa ta rasa inda za ta ajiye fayilolin tashi. Lambar 0x80300024 ma sau da yawa daga wannan gidan take fitowa.

Magani mafi sauƙi: a saitin BIOS mayar da faifan ciki na farko a jerin tashi, sannan ka tayar da filash ta maɓallin F9 ko F12 na lokaci ɗaya, maimakon ɗora shi a saman jerin. In bai yi ba, yanka fatishin da hannu bayan `clean` da `convert mbr`:

`create partition primary size=100000`
`format fs=ntfs quick`
`active`

Lambar a megabayit take, wato kusan GB 98 ke nan. Umarnin `active` na MBR ne kawai, a GPT kuskure zai ba ka.

Akwai kuma kwamfutocin da duk wannan ba ya ratsa su. Ga su sai a raba su da filash ɗin gaba ɗaya. Yanka fatishin na GB 10 da `size=10000`, ka yi masa fomat da `active` kamar na sama, ka ba shi harafi da `assign letter=K`, ka duba harafin filash da `list volume`, a ce D ne. Fita daga diskpart ka rubuta `xcopy D:\*.* K:\ /s /e /h`, bayan ya gama ka bi da `D:\boot\bootsect /nt60 K: /mbr`. Kashe kwamfutar, zare filash, kunna. Manhajar ɗorawa za ta tashi daga faifan kansa, ka ɗora Windows a ragowar filin. Sai dai wannan ƙaramin fatishin shi zai riƙe fayilolin tashi daga baya, kar a goge shi.

Iyakar huɗu

Laftof ɗin HP na zamanin Windows 7 sun zo daga kamfani da guraben MBR huɗu a cike: SYSTEM, C, RECOVERY da HP_TOOLS. Ka rage C don samar wa Linux wuri, sai manhajar ɗorawa ta rubuta "unusable" a kan filin. Filin ba shi da laifi, gurbin rubuta shi ne babu. Dole ɗaya ya tafi. HP_TOOLS ne mafi sauƙin sadaukarwa bayan an kwafe abin da ke cikinsa. A gurbinsa a yi fatishin nau'in Extended da GParted, manhajar raba faifai ta Linux, a yanka ƙananan Logical a ciki yadda ake so. Linux na zama a Logical ba gardama.

Wani tarkon yana cikin Disk Management. In ka nemi fatishin na biyar a faifan da gurabensa huɗu suka cika, Windows kan yi tayin mayar da shi Dynamic. Ce a'a. Wanda ya amsa da e zai ga fatishin sun koma launin zaitun, Linux ba za ta iya raba faifan ba, Windows ma kan ƙi ɗoruwa a kai da ƙorafin "dynamic volumes". Da kayan aikin Windows kaɗai, hanyar dawowa ita ce kwashe komai a goge.

Idan faifan bai fito ba sam

Fara da BIOS. In shi ma bai ga faifan ba, maganar fatishin ba ta taso ba, aikin sukundireba ne. A laftof ciro faifan ka mayar da kyau. Na hannu da yawa sun rasa ƙarfen da ke riƙe faifai, an cusa takarda a gurbin, faifan na zamewa daga mahaɗarsa. A ta tebur sauya wayar SATA da ramin da take ciki. Masu faffaɗar wayar IDE mai fil 40 kuma a duba ɗan jamfa da ke bayan faifai: in faifai da na'urar CD na kan waya ɗaya, ɗaya Master ɗaya Slave, ko duka biyun Cable Select. Biyu a kan Master, duka sai su ɓace.

In BIOS ya gani amma manhajar ɗorawa ba ta gani ba, duba SATA Mode ko SATA Operation. Zaɓin uku ne: IDE, wanda wasu ke rubutawa ATA ko Compatibility, sai AHCI, sai RAID. Windows XP ba ta da direban AHCI, ko ta ce babu faifai ko ta yi shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, maganinta IDE. Daga Windows 7 zuwa sama da Linux, AHCI ne daidai, musamman in SSD aka sa. Dell da yawa suna zuwa a kan RAID On, mayar da shi AHCI kafin ɗorawa. Kafin, ba bayan ba: sauya wannan saiti a ƙarƙashin Windows da ta riga ta zauna shi ma 0x7B yake haifarwa.

Wannan ya kawo mu ga wani ɗan abu da ake rainawa. In kwanan watan BIOS na komawa shekarun baya duk lokacin da aka zare wuta, batirin CMOS ya mutu. CR2032 ne mai bolt 3, kamar kwabo, a laftof galibi a naɗe cikin leda da 'yan wayoyi biyu. Mutuwarsa na mayar da SATA Mode da hanyar tashi zuwa na asali, sai ka ɗora Windows yau lafiya, gobe mai kwamfuta ya dawo da ita ba ta tashi. Sauya shi tun farko.

Saƙon Windows 7 da ke cewa "A required CD/DVD drive device driver is missing" ba ruwansa da CD ko faifai. Filash ne aka soka a ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe ko alamar SS, kuma Windows 7 ba ta da direbansa. Mayar da shi baƙin rami ka sake tayarwa.

Girma ma na da iyaka. BIOS na kafin wajen 2002 yana lissafi da bit 28, ba ya ganin abin da ya wuce GB 137, haka ma XP da ba ta da Service Pack 1. A irin wannan, fatishin na tashi ya zauna a farkon faifai kuma kar ya wuce GB 120. A ɗaya ƙarshen, faifan TB 3 a kan MBR zai ba ka GB 2048, ragowar kusan GB 746 ya tsaya ba ya taɓuwa. Kwamfutar Legacy ba za ta tayar da Windows daga GPT ba, don haka ƙaramin faifai ya ɗauki Windows, babban ya zama na ajiya a GPT.

Faifan da ya fito daga kwamfutar ofis kuma wani lokaci yana ɗauke da kalmar sirri a jikinsa. Ana ganinsa, amma kowane rubutu sai ya faɗi. Daga Linux, inda `/dev/sda` ke nufin faifai na farko, `sudo hdparm -I /dev/sda` zai nuna sashen Security, in ka ga "locked" ba tare da "not" a gabansa ba, fomat ba zai buɗe shi ba. Mayar wa wanda ya sayar.

Lokacin da faifan ne da gaske

Alamominsa daban ne da na rashin jituwa. Fomat ya tsaya a wuri ɗaya, diskpart ya ce "I/O device error" ko "cyclic redundancy check", lambar 0x8007045D ta fito, faifai na ƙas-ƙas, ko Windows ta ce "The disk may fail soon". Kar ka tsaya hasashe. Tayar da Linux daga filash ka rubuta `sudo smartctl -a /dev/sda`, ko ka jona faifan a wata kwamfuta ka buɗe CrystalDiskInfo. Layuka huɗu za ka duba, a ginshiƙin RAW. Lamba 5 sektocin da suka lalace aka musanya, 197 waɗanda ake zargi, 198 waɗanda suka gagara karantuwa. In 197 ko 198 sun wuce sifili, ko 5 na ƙaruwa, faifan ya kama hanya, ɗora masa Windows aikin baban giwa ne. Lamba 199 kuwa ba faifai take zargi ba, waya ce ko mahaɗa, sauya waya ka ga ko lambar ta daina hawa.

Kuskuren da ke fitowa bayan an wuce raba faifai, ana tsakiyar kwafe fayiloli, irin 0x8007025D da 0x80070570, ya fi karkata ga RAM ko filash. In RAM biyu ne cire ɗaya ka gwada, sannan ka musanya. Goge haƙoransa da abin goge fensir, ka bar Memtest86+ ya zagaya aƙalla sau ɗaya. Filash na jabu ma sun yi yawa a kasuwa, a rubuta GB 32 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, fayil ya shiga kamar lafiya ya fito a lalace. H2testw na tona asirinsu. Ga mai son ganin ainihin inda aka tsaya, `notepad X:\Windows\Panther\setupact.log` a baƙin allo zai buɗe rahoton ɗorawar, a karanta daga ƙasa.

Na Linux

Saƙon da aka fi gani shi ne "Executing 'grub-install /dev/sda' failed. This is a fatal error", kuma yana zuwa ne a ƙarshe bayan an gama jira. In an tashi da Legacy a faifan GPT, GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, na buƙatar ɗan fatishin na MiB 1, ba fomat, mai tutar `bios_grub` a GParted ko lambar EF02 a gdisk. In da UEFI aka tashi, fatishin EFI ake nema, FAT32, lambar EF00, MB 300 zuwa 500 ya wadatar, a jingine shi a `/boot/efi`. A Legacy kuma wurin GRUB faifan ne gaba ɗaya, `/dev/sda`, ba `/dev/sda1` ba. In za a zauna tare da Windows, a tayar da filash ɗin Linux ta hanyar da Windows ɗin ke tashi, in ba haka ba GRUB ba zai nuna ta a jeri ba.

Wani abin mamakin: Windows na aiki a faifai, amma manhajar ɗora Linux ta nuna shi fanko. Kar ka ci gaba, za ka share komai. Faifan ya taɓa zama GPT, wani tsohon kayan aiki ya mayar da shi MBR bai share ragowar GPT ba, musamman kwafin nan na ƙarshen faifai. `sudo fixparts /dev/sda` zai gano ragowar ya nemi izinin share ta, ya bar MBR yadda yake. Faifan da ya fito daga RAID, wato inda ake haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, ma na ɗauke da irin wannan tabo. In babu abin da ake so a kai, `sudo wipefs -a /dev/sda` da `sudo sgdisk --zap-all /dev/sda` za su wanke shi tas. Duba `lsblk` tukuna, don a nan ma filash kan zama sda.

In GParted ya ƙi rage fatishin Windows, ya sa masa alamar gargaɗi, to Windows ba ta mutu da gaske ba, Fast Startup na 8 da 10 ya bar ta a rabin barci. Koma cikinta, buɗe baƙin allo da ikon Administrator, rubuta `powercfg /h off` da `chkdsk C: /f`, sake kunnawa har binciken ya kammala, sannan ka rage C daga Disk Management na Windows ɗin kanta.

An gama ɗorawa, ta ƙi tashi

Zare filash tukuna, ka tabbatar hanyar tashi a BIOS ita ce wadda aka yi ɗorawar da ita. In saƙon "Operating system not found" ne ko "BOOTMGR is missing" a MBR, tayar da filash, shiga diskpart, zaɓi faifan, `list partition`, zaɓi System Reserved, ka ba shi `active` da `assign letter=S`. Duba harafin da Windows ta samu da `list volume`, don a nan ba lallai ya zama C ba. Fita ka rubuta `bcdboot C:\Windows /s S: /f BIOS` da harafin da ka gani, sannan `bootrec /fixmbr`. Linux a GPT da Legacy kuwa, wasu BIOS ba sa tayar da faifan da ba su ga tutar tashi a sektarsa ta farko ba, `sudo parted /dev/sda disk_set pmbr_boot on` na gamsar da da yawansu. Wanda bai gamsu ba, a mayar da faifan MBR a huta.

Saura abu ɗaya da ba ya fitar da saƙo ko kaɗan. XP da tsofaffin kayan raba faifai suna fara fatishin a sekta ta 63, wato bayit 32256. Faifan da aka ƙera daga wajen 2011 da yawansu sektarsu ta ciki bayit 4096 ce, SSD ma a irin wannan ma'auni yake rubutu, sai kowane rubutu ya hau kan sekta biyu, kwamfuta ta yi ta jan ƙafa ba a san dalili ba. Wannan na faruwa in an yi fomat a kan tsohon fatishin maimakon goge shi, ko an kwafe tsohon faifai zuwa SSD yadda yake. Buɗe `msinfo32`, shiga Components, Storage, Disks, ka nemo Partition Starting Offset ka raba da 4096. Lambar 1048576 na ba da 256 cif, daidai ke nan. Lambar 32256 na ba da 7.875, a karkace yake. A Linux `sudo parted /dev/sda align-check optimal 1` zai amsa da "aligned" ko "not aligned". GParted na iya matsar da fatishin ɗin zuwa MiB 1, amma yana ɗaukar sa'o'i kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na cinye bayanan, ga shi sau da yawa sai an gyara tashi da `bcdboot` daga baya. In dai sabuwar ɗorawa za a yi, goge tsofaffin fatishin ɗin duka ka bar manhajar ɗorawa ta yanka sababbi, daga Vista zuwa yau a sekta ta 2048 suke farawa.